Dutsen Taimamar Iya

Ni na ɗauki dutsen, Mu'tasim aka kora daga aiki. Gara in faɗa muku tun layin farko, don na san halinku, in na fara kewaye-kewaye za ku cika min wajen sharhi da cewa wanke kaina nake. Ba wanke kaina nake ba. Yadda aka yi zan faɗa, ku yanke abin da kuka ga dama.

Ga wanda yau ya fara bina, sunana Humaira, 'yar Malumfashi, shekarata ta uku ke nan a Alƙahira ina karatun shari'a. A Hayyus Sabi' nake zaune, a shaƙƙa, wato gidan haya na bene, ta yayana, Yaya Sada, da matarsa Anti Amna. Hawa na huɗu, lif ɗin ya mutu tun kafin in zo. Ɗaki biyu ne da falo. Ɗakina shi ne kuma ɗakin littattafan Yaya, in na miƙa ƙafa da ƙarfi sai mujalladi ya faɗo min. Yaya digiri na uku yake yi, saura wata huɗu munaƙasharsa, ranar da zai zauna gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Baba ya damƙa masa maganar aurena tunda shi ke kusa da ni. Abin da Yaya ya faɗa wa Baba a waya, shi ke nan an gama.

Mu'tasim kuwa Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi wajen Sinnar, zangon ya zama gida. Hausarsa tana nan, sai dai rabinta Larabci ne, kuma akwai kalmomin da yake faɗa waɗanda a bakin tsofaffi kaɗai nake jin su. Ilimin duwatsu ya karanta a jami'a a Khartum, yaƙi ya koro shi da mahaifiyarsa. Uwar tana haɗa humra da turaren wuta, Anti na saya, shi ke kawowa, ni ke buɗe ƙofa. Sauran ba sai na ɓata muku lokaci ba.

Da ya iso Masar babu abin da bai yi ba, wankin kwanuka a Abbasiya, sauke kaya a kasuwa. Sai bara wani Bamisire, Ustaz Isam, mai ɗan kamfanin kai baƙi yawo, ya ɗauke shi. Shi ke tuƙa jif, shi ke bayani. Sunansa na cikin tasrihin kamfanin, takardar izinin shiga da baƙi wuraren da gwamnati ta killace. Ranar da aka sa sunan, sau uku ya turo min hoton takardar.

Sharaɗin Yaya ɗaya ne. Ya ce shi ba ruwansa da inda mutum ya fito, aiki tsayayye yake so ya gani. Ya ce yawo da Turawa cikin daji ana nuna musu tsakuwa, shi bai san sunan wannan a cikin sana'o'i ba. Da na gaya wa Mu'tasim bai ji haushi ba. Ya rubuto min:

"Tamam. Ki ce wa Shaikh ranar Asabar ya ba ni yininsa. Ya zo ya ga tsakuwar da idonsa."

Ya roƙi Ustaz Isam motar, ya ba shi.

To ga inda Iya ta shigo. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, kuma duk gidanmu ita kaɗai ce in ta ce a yi, Baba ba ya cewa sai ya yi tunani. Sanyin ƙashi ya kama mata hannuwa, likita ya hana ta taɓa ruwa da asuba, taimama take yi. Tana da dutsenta na taimama da ta gada wajen uwarta, baƙi, sumul, kullum yana gefen dardumarta. Watan jiya aka zo gyaran soro, magini ya gan shi a tsakar gida ya haɗa da tsakuwa ya kwaɓa cikin siminti. Yanzu haka dutsen Iya na cikin dakalin ƙofar gida. Kwana uku ta yi ba ta amsa gaisuwar Baba.

Ranar Alhamis na yi mata saƙon murya ina ba ta labarin tafiyar, da gangan, don ta san akwai wani Mu'tasim a duniya. Amsarta minti huɗu. Ta fara da cewa na yi ƙiba a hoto, ko taliyar Larabawa ce, ta tambayi ko Basudanen nawa yana jin Hausa ko da hannu muke magana, sannan ta ce:

"Kin ce duwatsu ya karanta? To ga ni nan ina laluben bango kamar mai neman ƙofa. In da gaske yake, ya aiko min dutsen taimama daga ƙasar Annabi Yusufu. Mai santsi, wanda ba zai ci min tafi ba. In ya shigo hannuna, ubanki ai ni na haife shi, ki bar ni da shi."

Sau biyar na saurara. Ban tura wa Mu'tasim ba. Na ce ba-zata zan yi masa, in samo dutsen da kaina in ce wa Iya shi ya aiko, sai dai ya ji an kira shi ana sa masa albarka. Kun ji wayo.

Juma'a da yamma muna kicin ni da Anti muna tsince busasshen zogalen da aka aiko mana daga gida, tana karanta min dokoki. Kada in yi masa dariya da yawa a gaban Yaya. Kada in zauna a bayan kujerarsa. Kada in gyara masa Hausa. Wayata na gefen tire tana haske.

"Shaikh shayi da madara yake sha ko baƙi?"

"Baƙi. Kuma kada ka kuskura ka ce masa ya zol irin kiranku na 'yan Sudan, ba abokinka ba ne."

"Ke fa, me zan kira ki a gabansa?"

"Kada ka kira ni ko kaɗan."

"Tamam. Zan ce ta baya."

Anti ta leƙa ta karanta, ta ce yaron nan zai yi.

Asabar bayan asuba ya tsaya ƙasan benenmu ya yi hon sau ɗaya. Na sa abaya ruwan ƙasa mai roba a hannu, mayafi ruwan madara, da kambas, don ya ce in na sa mai tsini a mota zai bar ni. Anti ta ɗaura atamfa ta ɗora hijabi har ƙasa, ta riƙo kula biyu, ɗaya dambun shinkafa da zogale, ɗaya soyayyar kaza. Ni na ɗauko jarkar zoɓo. Yaya ya sauko cikin farar shadda da hula zanna, sai ka ce ɗaurin aure za shi. Mu'tasim ya kalli shaddar, ya buɗe masa ƙofar gaba. Shi kuwa rigar kamfani ce a jikinsa, koriya mai aljihu huɗu, an goge ta har tana ƙyalli.

Muka wuce dalar Fir'auna muka miƙi hanyar Fayyum. Anti ta yi barci. Yaya na jera masa tambayoyi kamar ɗan sanda, su nawa ne a kamfanin, wa ke gyara motar in ta lalace, in zafi ya yi baƙi suka ɗauke ƙafa me yake yi. Yana amsawa idonsa na kan titi. Sau ɗaya ya ce a miƙa wa ta baya ruwa, na shaƙe da dariya na mayar da ita tari.

Wajen ƙarfe tara muka sauka daga kwalta muka isa ƙofar mahmiyya, haka suke kiran wurin da aka killace. Ɗan ɗaki ne da ƙarfe a gicciye, da mai gadi dattijo mai furfurar gashin baki. Suka rungume juna da Mu'tasim, yana ce masa ya duktur. Na ga Yaya ya ji duktur ɗin nan, ya gyara hula. Mu'tasim ya sa hannu a takarda cewa duk abin da muka yi a ciki yana wuyansa, ya dawo ya leƙo ta taga.

"Doka ɗaya ce. Hoto ku ɗauka yadda kuke so. Amma ko tsakuwa ba ta fita daga nan."

Anti ta ce to rairayin da zai shiga mata takalmi fa. Ya ce wannan a ƙofa za ta kakkaɓe musu abinsu. Aka yi dariya, har da ni. A raina kuwa fatawa nake haɗawa. Na ce mamnu' daban, haram daban. Mamnu' hanin gwamnati ne. Dutse na Allah ne, a ƙasar Allah, za a kai wa tsohuwa ta yi wa Allah salla. Shekara uku ina karanta shari'a, ga abin da na yi da ita.

Jabal Ƙaɗrani sunan wurin, arewa da tafkin Ƙarun. Ni da aka ce min dutse mai aman wuta, na zata zan ga tsauni da rami a kansa yana hayaƙi kamar a talabijin. Babu. Fili ne iya ganinka, rairayi ja-ja da fari, sai tudu dogo mai hawa-hawa, samansa baƙi ƙirin kamar an shimfiɗa masa kwalta. Gindinsa duk baƙaƙen duwatsu sun gangaro sun watsu, sai ka ce an zazzage buhunan gawayi. Can nesa tafkin na walƙiya. Shiru har kunne na ƙara. Anti ta ce ita a nan in aka ce ta kwana, kuka za ta yi, babu ko kaza.

Nan na ga wani Mu'tasim da ban sani ba. Mai kawo humra kansa a ƙasa yake. Wannan kuwa tsalle ya yi ya hau dutse ya fara magana da hannu biyu. Ya ce nan ba tsauni ne ya fashe ba, ƙasa ce ta tsage, narkakken dutse ya ɓulɓulo ta tsagar ya malala kamar kunu a tire, ya huce, ya daskare. Shi ne baƙin da ke sama, bazalt sunansa. Ya ce taurinsa ne ya hana tudun zaizayewa, ya zama wa na ƙasansa murfi. Ya ɗago wani guntu mai huji-huji ya ba Anti, Anti ta ba ni, ya ce hujin kumfa ne, iska ce ta so fita lokacin da dutsen ke tafasa, sanyi ya kama ta a hanya. Da ya dawo hannunsa ya durƙusa ya mayar da shi cikin gurbinsa. Ya nuna mana kututture kwance a rairayi, na taɓa na ji dutse ne, amma ga ɓawonsa ga gaɓoɓinsa. Ya ce wurin nan da daji ne da koguna, kafin wutar.

Yaya ya tambayi yaushe. Ya ce sama da shekara miliyan ashirin. Yaya ya ce wa ya ƙirga. Anti ta mintsine ni. Na ce shi ke nan, aurena ya mutu a hamada. Mu'tasim bai ja ba. Ya ce akwai wani abu a cikin dutsen da ke raguwa a hankali, da shi ake aunawa, kuma awon ɗan Adam ne, yana iya hawa yana iya sauka. Sannan ya sa Yaya ya fuskanci tudun, ya nuna masa layi fari, layi ja, da baƙin sama, ya ce Shaikh ya fi shi sanin ayar da ta yi maganar duwatsu masu launi haka. Yaya ya tsaya. Ya karanto ayar a hankali, ya sake karantawa. Ya ce shekara nawa yana wucewa ta kanta, yau ya gan ta. Ya ciro waya ya ba Anti ya ce ta ɗauke su hoto, shi da Mu'tasim.

Anti ta dawo ta raɗa min cewa in fara zaɓen anko.

Daga nan ya kai mu Widanul Faras, wai kunnuwan doki, tsauni biyu ne a tsaye gefe da gefe. Ya ce a nan mutanen Fir'auna suka riƙa fasa baƙin dutsen suna jan sa zuwa tafki, a ɗora a jirgi, a kai a daɓe ɗakunan bautarsu kusa da dala. Har hanyar da suka shimfiɗa tana nan. Yaya ya ɗaga ƙafa zai hau, ya hana shi, ya ce a gefe ake tsayawa. Ya ce a kula, a nan ba duk abin da ke ƙasa ne yake yadda Allah ya ajiye shi ba, wani hannun mutum ya bi ta kansa. Na ji wannan maganar. Ba zan ce ban ji ba. Sai dai a lokacin idona na ƙasa ina nema.

Matsalar bazalt kaushi. Duk wanda na juya da ƙafa sai in ga baki-baki ne kamar fasasshiyar kwalba, in Iya ta buga tafi a kai jini za ta yi. Har na fara fid da rai.

Motar ta yi zafi a wani hawa, Mu'tasim ya juye mata jarkar ruwan alwala kaf. Azahar ta yi, saura ruwan sha kawai, tafkin kuma tafiya ce mai nisa, Yaya ya ce a yi taimama. Maza suka yi gaba, ni da Anti muka zagaya bayan wani babban dutse. Na durƙusa zan buga hannu, sai ga shi, rabinsa cikin rairayi. Ba baƙi ƙirin ba ne kamar sauran, da ɗan duhun kore, girman curin sabulu, sumul, har da 'yar lotsawa a gefe daidai inda babban yatsa zai zauna. Na ɗora tafina, ya cika shi cif. Wallahi ji na yi kamar an auna hannun Iya aka yi shi. Na yi taimamata a kansa, na ce wannan ai alama ce.

Anti ta ta da kabbara, ni na tura shi cikin hannun abaya. Haka na yi sallar, yana min nauyi duk ruku'u.

Muka ci abinci a inuwar mota. Shaddar Yaya ta koma kalar abayata, bai damu ba, yana tura wa Mu'tasim cinyar kaza yana cewa ci mana, Malam. Malam fa. Da safe kai yake ce masa. Ni ke tattara kwanuka. Jakata ƙarama ce, waya da tishu kawai take ɗauka, robar hannun kuma ta fara saki. Na naɗe dutsen a leda na cusa ƙarƙashin ragowar dambu, na rufe kula. Na ce wa zai binciki dambu.

Babu wanda ya bincika. Da la'asar muka iso ƙofa, dattijon ya kama ƙarfen zai ɗaga tun daga nesa, ko leƙa motar bai yi niyya ba. Anti ce ta ce a tsaya. Ta ce bawan Allah ya yini cikin rana, ga abinci ya ragu, mu wuce da shi gida? Ba a haka. Na ce ai dambun ya huce. Ta ce kula ce, da ɗuminsa. Na ce Misirawa ba sa cin zogale. Ta ce zai koya. Na ce to bari in juye masa a faranti. Ta ce wane faranti, duk mun ɓata su, ya juye a nasa ya miƙo kular. Kafin in sake buɗe baki ta miƙa masa ta taga.

Ya karɓa yana ta godiya, ya shiga ɗakinsa. Ina jin ƙarar cokali. Sai ƙarar ta tsaya.

Da ya fito babu murmushi. Dutsen na tafinsa, ya zare ledar. Bai kalle mu ba, Mu'tasim ya kalla. Mu'tasim ya sauka ya karɓa, ya juya shi sau ɗaya, babban yatsansa ya faɗa cikin lotsawar nan. Na ga fuskarsa ta canza. Daga baya na san dalili. Santsin da na gani ba ruwa ne ya yi shi ba, ba iska ba. Guduma ce. Da ita masu fasa dutsen suka riƙa dukan bazalt, hannunsu ne ya cinye gefen, shekara dubu huɗu da wani abu. Duk filin nan da dutsen da ba ya ƙirguwa, na tsallake na Allah na ɗauko na Fir'auna. Da tsakuwa ce, faɗa za a yi a ƙwace. Wannan kayan tarihi ne, maganar 'yan sanda.

Dattijon ya yi waya, wani jami'i ya zo a mota, mai tabarau da littafi a hammata. Ya karɓi fasfon kowa. Ya ce wa ya ɗauka. Ya ce duk wanda ya ɗauka za a rubuta mahdar da sunansa, takardar ƙara ke nan, kuma baƙo mai iƙama, izinin zama na karatu, ya san abin da wannan zai jawo masa, shi da wanda ya tsaya masa. Wanda ya tsaya min a takarduna Yaya ne. Yaya mai munaƙasha saura wata huɗu.

Ina so in ce muku na yi magana. Na buɗe baki, iska ce ta fito. Mu'tasim ya kalli Anti, ya kalli Yaya, sannan ya kalle ni. Bai daɗe ba. Ban san me ya gani ba, amma ya gani.

Ya juya ya ce wa jami'in shi ne. Ya ce ya ga dutsen ba irin na wurin ba ne, ya so ya duba shi a gida ya dawo da shi, ya san kuskure ne. Dattijon ya ce, kai, ya duktur? A cikin abinci? Ya ce e. Dattijon bai yarda ba, sau ɗaya ya waiwayo wajen tagata ya kau da kai. Shi ya yi ta roƙon jami'in. Ya ce shekara guda yana ganin mutumin nan yana tsince ledar da baƙi suka yar, kuma ai dutsen bai ƙetare ƙofa ba. Sun fi awa suna yi. A ƙarshe jami'in ya ce khalas, shi ke nan, ba 'yan sanda. Amma ya karɓi tasrihin, ya ja layi a kan sunan Mu'tasim, ya ce ba zai ƙara shigo da kowa mahmiyya ba, wannan ko wata. Ya kira Ustaz Isam a gabanmu. Muna jin muryar Ustaz daga cikin wayar, ba sai an fassara wa Anti ba.

Muka kama hanyar dawowa. Anti na rungume da kular da ba komai a ciki tana share ido, a zatonta ita ta jawo. A ƙasan bene Yaya ya sauka, ya tsaya jikin taga.

"Na gode da yini. Ilimi kana da shi. Amma mutumin da zai hana ni taka hanya, ya juya ya ɓoye dutsenta a abincin matata, ban san me zan ce wa mahaifina a kansa ba."

Mu'tasim ya ce, "Ma'alish, Shaikh. A yi haƙuri." Ya ja mota.

Kwana biyu na yi da abin a cikina. Na rubuta masa ka isa lafiya, shiru. Na rubuta don Allah ka yi min magana, ya karanta, shiru. Na rubuta dogo na goge. Ranar Litinin da hantsi Anti ta shigo ɗakina da waya a hannu. Mahaifiyar Mu'tasim ce ta kira kan maganar humra, a ciki ta faɗa mata ya mayar da mota da koriyar riga. Ustaz Isam ya ce ba ƙin sa yake ba, amma direban da ba ya shiga mahmiyya ba shi da amfani a wajensa. Anti ta zauna bakin gadona ta ce ita har yanzu ta kasa gane yadda ya buɗe kularta ba ta gani ba, alhali tana kallo ni na rufe ta.

Ta faɗi haka ta tsaya. Ta kalle ni.

"Humaira."

Na ce na'am.

"Tashi mu je falo."

Yaya na zaune a ƙasa cikin takardunsa. Na kasa bayani, saƙon Iya na kunna masa, minti huɗun duka, har da wajen ƙibar. Sannan na faɗi sauran, da fatawar mamnu' da haram, da hannun abaya, da leda. Na zata zai yi faɗa. Da ya yi da na fi jin daɗi. Ya cire tabarau ya ce a wane littafi na karanta cewa ana yi wa tsohuwa kyautar ibada da kayan sata. Na ce ban karanta ba. Ya ce da na tambayi Mu'tasim, mutumin da ya san duwatsun Masar kamar danginsa, da bai samo wa Iya mai santsi a inda aka yarda ba? Na ce da ya samo. Ya ce to me ya hana. Na ce so na yi ya zama ba-zata.

"Ya zama," in ji shi.

Ya tashi ya sa riga. A ƙofa Anti ta tambaye shi maganar Baba fa. Ya ce shi yanzu ba shi da sauran tambaya a kan Mu'tasim, mutumin da ya ajiye hanyar abincinsa don ya rufa mana asiri. Ya ce tambayar da ta rage ta Mu'tasim ce a kaina, kuma shi ba zai roƙar min ba.

Ya tafi Wustul Balad ofishin Ustaz Isam. Ya yi bayani, ya ce a kira jami'in a gaya masa gaskiya. Ustaz ya ba shi shayi, ya ce in aka tono maganar yanzu mutum biyu za su shiga, mai ɗauka da wanda ya yi wa hukuma ƙarya, kuma duk da haka layin da aka ja ba zai gogu ba. Ya ce ya riga ya ba wani rigar.

Da yammar ranar saƙo ya shigo, na farko tun Asabar. Na buɗe. Ko gaisuwa babu.

"A daidai ina kika ɗauke shi? Dattijon na so ya rubuta. In ba a san inda yake kwance ba, rabin labarinsa ya tafi."

Na rufe ido ina nema. Bayan wani babban dutse baƙi. Duk wurin babban dutse ne baƙi. Na rubuta masa ban sani ba, na ƙara da ka yafe min. Ya karanta. Yau kwana tara ke nan bai amsa ba.

Jiya Yaya ya nemo shi. Yana can kudancin gari unguwar masu yanka rukham, farin dutsen nan da ake daɓe manyan gidaje da shi, wani ɗan garinsu ya sama masa aikin. Ba ya yi wa kowa bayani a can. Allunan dutse yake ɗauka a baya daga bakin inji zuwa bakin mota, bakwai na safe zuwa biyar na yamma. Yaya ya ce da ƙyar ya gane shi, ƙura ta mayar da shi fari har gira. Da ya miƙa masa hannu su gaisa, haƙuri ya ba shi ya miƙo hagu. Na dama na naɗe da tsumma.